Yadda Na Zama Tawagar Afirka a Tashkent

Masana sun ƙarar da tawada mai yawa wajen neman abin da ke nuna ainihin halin al'umma. Wasu sun ce addininta, wasu sun ce tsarin mulkinta, wasu kuma, musamman waɗanda aka ɗauki nauyin tafiyarsu, sun ce abincinta. Ni da na koyar da Labarin Ƙasa shekara goma sha ɗaya kafin ƙaddara ta mai da ni ɗalibi da furfura, ina sanar da su cikin ladabi cewa duk sun kauce. Ba a sanin mutane sai an ga yadda suke jiran abu. Daula takan faɗi, tuta takan canza, amma yadda mutane ke tsayawa a bakin taga ba ya canzawa da sanarwar rediyo.

Mutanen Danau Kota, unguwarmu a nan Malesiya, su ne suka sa ni wannan rubutu. Tun da na dawo aka ɗaura mini robar killacewa a hannu saboda annoba aka rufe ni a ɗakin yara, duk wanda ya ajiye kular abinci a bakin ƙofa sai ya biyo ta da saƙon murya: "Malam Habu, yaya ƙasar 'yan gurguzu? Wai da gaske ba sa salla?" Na gaji da maimaitawa. Suna salla. Gurguzu kuwa ya rasu shekara talatin da suka wuce, sai dai har yau ba a kwashe kayansa daga ɗaki ba. Sauran bayani ga shi, kowa ya karanta ya bar ni in yi barci.

Abin da ya kai ni Uzbekistan taron bita ne kan rabon ruwan noman rani, wanda shi ne bincikena. Rustam, abokin ofishina a jami'armu ta Jalan Semarak, ɗan can ne, kuma annoba ta riga ta mai da shi gida. Da aka fara sassauta ƙofa, Farfesanmu ya nemi wanda zai je ya wakilce shi. Kowa ya duƙar da kai yana duba waya. Ni na ɗaga kai don in ga ko wa zai ɗaga, shi ke nan aka rubuta sunana.

Rabi, uwargidana, ba ta yi murna ba. "Malam, mutane na gudun jirgi kai kana nemansa? Ka duba bizarmu kuwa?"

Na duba. Bizata ta ɗalibi za ta ƙare mako ɗaya bayan ranar dawowata, kuma tata da ta yara a jikin tawa suke rataye. Idan ta ƙare ina waje, ni ba shiga, su kuma ba zama. Kujerar jirgi a lokacin ta yi wuya. In na rasa tawa, sai bayan kwana goma. Na ce mata na lissafa komai.

"To Allah ya sa," in ji ta. "Lissafinka dai ina jin tsoronsa tun ranar da ka kai mu Melaka muka sauka a Seremban."

Ba zan ɓata muku lokaci da filin jirgi ba. Kun san shi a wannan zamani, fitilu a kunne, shaguna a rufe. A iyakar Tashkent wani saurayin jami'i ya karɓi koren fasfona ya juya shi gaba da baya, ya kusa shinshina shi, sannan ya kira abokinsa. Na ce shi ke nan. Ashe ba laifi suka gani ba, ba su taɓa ganin irinsa ba ne. Ya buga hatimi da ƙarfin da na ji a haƙorina, ya gargaɗe ni cewa duk kwanan da baƙo ya yi a ƙasar sai an yi rajistar inda ya kwana. Na tuna Kano, inda mutum zai shekara a gidan ƙaninsa ba wanda ya sani sai matar ƙanin.

Rustam ya sauke ni a gidan mahaifiyarsa, Inna Gulnora, gajeruwar tsohuwa mai haƙoran zinariya biyu, wadda ta yi shekara talatin tana riƙe da makullin sito a masana'antar gurzar auduga. Gidan a hawa na huɗu yake, cikin dogayen benayen da tsohuwar gwamnati ta gina wa ma'aikata, kowanne kamar an haife shi tare da na kusa da shi. A rana ta biyu na fita shan iska na dawo, na hau hawa na huɗu, na ƙwanƙwasa. Wani mutum ya buɗe, ya ja ni ciki, aka zaunar da ni, aka kawo shayi da gurasa da busasshen inabi. Sai da na kai kofi na biyu na lura dardumar da ke bango ba irin ta Inna ba ce. Su ma sai a lokacin suka fara tambayar juna wa ya gayyace ni. Ba benenmu ba ne.

Ɗumin ɗaki daga gwamnati yake zuwa ta bututu. Ita ke kunna shi ranar da ta ga dama, ita ke kashewa, ba wani maɓalli a hannunka. In zafi ya dame ka, ka buɗe taga. Haka na kwana biyar a tsakiyar hunturu, ƙafata a Sakkwato, kaina a cikin firij.

Barandar Inna kuwa ita ce darasin tarihi na farko. Kwalabe ne jere har sama, tumatir da kokwamba da kabeji a ruwan gishiri, buhun sukari, katon na ashana, sabulun da ya girmi Rustam. Ya ce lokacin da aka rufe gari saboda annoba matasa sun ruɗe suna ta dannar waya, ita ko gezau. Ta ce tun shekarar da daular ta watse shaguna suka wayi gari fayau take jiran irin wannan rana, kuma ta ji daɗi da ta zo tana raye. Na tuna yadda na ruga kasuwar Chow Kit ranar da aka sanar da kulle a nan, na dawo wa Rabi da busasshen kifi da attarugu kilo uku, ba shinkafa.

Babban abincinsu dafa-duka ce da ta yi karatu a waje: shinkafa, karas, kitsen tunkiya, ba ko alamar barkono. Na fito da yajin da Rabi ta ƙulla mini na barbaɗa. Inna ta lasa, ta yi hawaye, ta ɗauke gwangwanin ta ajiye shi a akwatin magani. Shayi kuma rabin kofi ake zuba wa baƙon da ake girmamawa, don a riƙa ƙara masa. In aka cika maka, an gaji da kai. Kwana biyu ina zargin tsohuwa da rowa, ashe karrama ni take.

Taron bitar ya tafi kamar kowane taron bita. Abu ɗaya na ƙaru da shi, kuma ba a zauren na ji shi ba. Wani tsohon mai raba ruwa ne ya faɗa mini a bakin wata magudana da ta cushe da ciyawa, Rustam na fassara: "Da, gona ta kowa ce, ba wanda ya damu da ita. Yanzu an raba gona, kowa na kula da tasa. Magudanar ce ta zama ta kowa." Wannan jimla ta fi babi na biyu na kundina, kuma Farfesa zai gan ta a ciki da sunana.

Yanzu ga abin da kuke jira. Jirgina ranar Laraba da yamma ne, kuma ba a hawa sai da takardar gwajin cutar da ba ta wuce kwana biyu ba. A asibitin unguwa ana ɗaukar gwaji da safe, a rufe taga ƙarfe goma sha biyu, sakamako ya fito washegari. Wato Talata ce kaɗai ranata. Ranar Litinin aka yi wa Rustam rasuwa a ƙauye, ya bar ni a hannun Inna. Kafin ya tafi ya zaunar da ni.

"Habu, saurara da kyau. A nan ba a jan lamba."

Ku da ke Malesiya kun san yadda aka lalata mu: ka danna na'ura, ta ba ka lamba, ka zauna a sanyi, allo ya kira ka. A gida kuwa layi magana ce ta kafaɗa da kuma wa ka sani. Nasu daban ne. In ka iso, sai ka tambaya da ƙarfi: wa ne na ƙarshe? Wani zai ɗaga hannu. Ka haddace fuskarsa, ka tsaya har wani ya zo ya kama bayanka. Daga nan kana da 'yanci: ka zauna a inuwa, ka je kasuwa, ka kama wani layin a wani wuri. Kowa mutum biyu kaɗai ya sani, na gabansa da na bayansa. A zamanin da ake bin layin nama da na takalmi da na sabulu a rana ɗaya aka ƙirƙiro shi, kuma ya fi daular da ta haife shi tsawon rai.

Na ce masa na gane. Ni da na koyar da aji mai ɗalibai casa'in.

Ƙarfe bakwai da rabi muka isa. Farfajiya cike da mutane a warwatse, wasu kan benci, wasu jingine da bishiya, ba ka ce layi ake ba. Inna ta yi tambayar, wani mai hular fata ya ɗaga hannu. Ba a jima ba wata ƙatuwar mata mai koren kwat ta zo ta kama bayana, ta dube ni daga hula har takalmi kamar mai ɗaukar hoto. Inna ta ga komai ya daidaita, ta nuna mini ƙasa da yatsa, ma'ana kar in motsa, ta tafi kama mana layin tagar hatimi da na gidan gurasa.

Awa uku da rabi ina bin mai hular fata da ido kamar mai tsaron fursuna. Wajen sha ɗaya da kwata saura mutum biyu a gabana. Sai na ji murya daga bayana cikin Turanci:

"Oga! Najeriya?"

Wani dattijo ne dogo, sanye da tsohuwar kwat mai kyau, yana dogara sanda, ƙafarsa na rawa. Sunansa Anvar. Injiniya ne, ya ce, yana cikin waɗanda tsohuwar daular ta tura ƙasarmu gina wata babbar masana'antar ƙarfe, ya yi shekara huɗu a can. Ya tuna doya, ya tuna zazzaɓi, ya tuna kalmar "oga".

"Faɗa mini," ya ce, ya riƙe hannuna, "ta fara aiki?"

"Ana shiri, Baba."

Ya gyaɗa kai da gamsuwa. "Haka muka bar ta."

Jama'a, ku yi mini adalci. Dattijo sa'an mahaifina, da sanda, ya sha zazzaɓin ƙasata shekara huɗu, yana tsaye cikin sanyi, ni kuma ina dab da ƙofa. Wane ɗa ne a cikinku zai shige ya bar shi? Na matsa gefe na ce, "Baba, bismilla, shiga gabana."

"Ka tabbata?"

"Haba Baba."

"Oga, ka tabbata?"

Na ɗauka irin kawaicin gida ne, a ƙi sau biyu a karɓa a na uku. Na kama kafaɗarsa na tsayar da shi a wurina.

Kowa a farfajiyar ya juyo. Sai mutum tara suka miƙe daga benci daban-daban, suka kaɗe rigunansu, suka zo suka jeru a bayan dattijon. Mai koren kwat ta saki wata ƙara da ta tashi tattabaru. Kafin minti ɗaya wurin ya zama kotu, Baba Anvar kuma ya koma tafinta, yana fassara mini shari'ata da jin daɗin da ban ga dalilinsa ba.

"Wannan matar ta ce wurinka kaɗai ka mallaka, ba ka da ikon ƙara mutum a gaban na bayanka. Ka ba ni naka, ka ɗauki nawa. Nawa can baya yake, kusa da famfo."

"To waɗannan taran fa?"

"Su bayana suke. Da bakinsu suka tambaya. Inda na je nan za su."

"Mai koren kwat kuma me ya sa take neman cin kwalata?"

"Saboda wancan mai gilashin ya ce ita bayanka take, don haka sai ta bi ka famfo."

Jama'a suka rabu mazhaba biyu. Ɗaya ta ce mutum ake bi, ɗaya ta ce wuri ake bi. Kowace ta kawo hujja daga layukan da aka yi kafin a haife ni. Wata tsohuwa ta kafa hujja da layin firij da ta bi wata uku. Abu ɗaya kaɗai suka yi ijma'i a kai: ni a baya nake. Baba Anvar ya nemi ya mayar mini da wurina, aka ce ai kyauta ta riga ta tabbata a gaban shaidu.

Na tsaya kusa da famfo. Sha ɗaya da rabi ta wuce, mutum sama da ashirin a gabana. A daidai nan waya ta yi ƙara.

"An yi?" in ji Rabi.

"Ana kan yi."

"Malam, muryarka ta yi irin ta Seremban. Ka faɗa mini gaskiya, in fara ɗaure kaya ne?"

Na ce mata layin waya ba kyau. Na kashe, na tsaya ina kallon famfo, ina hango ta da yara uku a ofishin shige da fice tana bayanin inda maigida ya maƙale da dalilin maƙalewarsa: ladabi.

Sai ga Inna da gurasa biyu a hammata. Ta duba bakin ƙofa ba ta gan ni ba, ta waiwaya ta gan ni a famfo. Aka ba ta labari daga bakuna shida. Ta zo ta tsaya a gabana ta faɗi wata gajeruwar magana.

"Me ta ce, Baba?"

"Ba ta cikin Turancin da na koya."

Ba ta roƙi kowa ba; a wurinsu roƙo a layi abin kunya ne. Ta miƙa mini gurasar, ta nufi bangon baranda inda wani tsohon allo yake rataye, fentinsa ya koɗe. Ta sa tabarau ta fara karantawa da murya irin ta mai sanarwa. Jerin waɗanda ake gani ba tare da layi ba ne, tun na zamanin da: tsofaffin sojojin babban yaƙi, matan da suka haifi 'ya'ya goma. Ta ɗan tsaya, ta sa yatsa a layin ƙarshe inda ni ban ga komai ba sai tsatsa, ta karanto: da tawagar baƙi daga ƙasashe aminai. Ko haka aka rubuta, ko daga ranta ta karanto, Allah ne masani.

Wani matashi mai abin jin kiɗa a kunne ya ce ƙasar da ta rubuta allon nan babu ita yanzu.

"An cire allon?" in ji Inna.

Ya ce a'a.

"To."

Mai koren kwat ta ce mutum ɗaya ba ya zama tawaga. Baba Anvar ya buga sandarsa a ƙasa ya ce duk wanda ke da tafinta tawaga ne, kuma shi ne tafintan, Inna kuma ita ce kwamitin tarba. Aka yi ta gunaguni. Sai tsohuwar nan mai layin firij ta ce ita ta ga tawagogi da yawa a masana'antarsu, kuma ba ta taɓa ganin wadda ta zo ta tafi ba ta yi jawabi ba.

Saura minti goma sha biyu. Na hau matakala da gurasa a hannu, na gyara hula, na buɗe baki da Hausa. Abin da ya zo mini shi ne jawabin ranar ba da kyaututtuka: mai girma shugaban taro, iyayenmu, malamai, ɗalibai. Da ya ƙare na shiga kogunan Najeriya da rassansu, daga nan na gangara amfanin gona na kowace jiha. Ina tsayawa, Baba Anvar na fassarawa, shi da bai san ko "sannu" ba. Jimlata mai kalma biyar sai ta zama tasa mai hamsin, yana ɗaga sanda sama. Daga baya ya gaya mini na yi magana kan zumuncin al'ummai, na yaba audugarsu, na kuma sanar da cewa masana'antar ƙarfe ta fara aiki.

Suka yi tafi. Ba irin namu na kowa da nasa ba. Tafi ɗaya, a tare, a kan kari, kamar an danna maɓalli. Matasan suka tsaya suna kallon iyayensu da mamaki. Mai koren kwat tana tafi tana share ido da bayan hannu. Baba Anvar ya raɗa mini, "Shekara talatin rabon da mu yi wannan."

Saura minti huɗu na shiga. Ma'aikaciyar ta zura mini tsinke a hanci har sai da na tuna abin da na ci a Kano. Washegari da safe Inna ta karɓo takardar: hatimi uku, mai da'ira, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, da sa hannun likita kamar zanen kogi. Ta naɗe ta a leda, ta sa mini a aljihun ƙirji, ta daddanna, ta cika mini kofin shayi fal a karon farko tana dariya.

A mota zuwa filin jirgi hannuna na kan ƙirji, ina tsara lacca a raina. Ga mutanen da gwamnati ta gaza musu sau biyu, sau ɗaya tana nan, sau ɗaya da ta tafi, suka gina wa kansu doka ba takarda ba ɗan sanda, mai kotu da mazhabobi har da ƙofar rahama. Na ƙudura sai na faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni a shagon shayi na mamak.

Ma'aikaciyar jirgin, yarinya sa'ar ƙanwata, ta warware ledar, ta dubi hatiman nan uku, ta ce kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta da lambar da na'ura ke karantawa, kuma ba da Turanci take ba, don haka ba sa karɓa. Ta nuna mini matakala.

Takardar da na shigo Malesiya da ita a ƙasan benen filin jirgin aka yi mini, a wani ɗan shagon gwaji na 'yan kasuwa, cikin awa biyu. Ni kaɗai ne a wurin.